Yadda ake auna makamashin hadiron da kalorimita, da inda awon yake zamewa

Ɗalibin fizik a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ya sauko da bayanan gwajin CMS daga rumbun da CERN, cibiyar binciken barbashi da ke kusa da Geneva, ta buɗe wa kowa a intanet zai ga lamba a gaban kowane jet, wato feshin barbashin da ke fitowa a dunƙule bayan karo a injin LHC na CERN, an rubuta GeV kaza (GeV ma'aunin makamashi ne, MeV dubu ke yin GeV ɗaya). Babu na'urar da ta karanto wannan lamba kai tsaye kamar yadda sikeli ke karanta nauyin buhu. Abin da na'urar ta gani ɗan haske ne ko ɗan caji, sai aka bi da shi ta gyare-gyare da yawa kafin ya zama GeV. Wanda bai san gyaran ba zai karɓi lamba ya gina lissafi a kanta, ba tare da ya san inda take da rauni ba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe

Hadiron shi ne barbashin da ke jin ƙarfin da ke riƙe cibiyar atom: furoton, nitiron, fiyon, kawon. Kalorimita kuwa aikinta ta tsayar da shi cak, ta shanye makamashinsa. Fiyon mai GeV 100 idan ya shiga baƙin ƙarfe yakan yi ƴar tafiya yana barin siririn sawu, sai ya daki wata cibiya. Nan take sababbin barbashi su fito, su ma su daki wasu cibiyoyin, abin ya yi ta yaɗuwa har makamashin ya ƙare. Sunan da ake ba wannan yaɗuwa a Faransanci ma'anarsa dami, irin na hatsi, kuma sunan ya dace, don haka da shi za mu yi aiki.

Damin hadiron gida biyu ne, kuma duk wahalar sana'ar nan daga nan ta taso. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fiyon ɗin da ake haifa a kowane karo marasa caji ne. Waɗannan ba sa ko motsawa daga inda aka haife su, nan take suke rabewa su zama foton, wato ƙwayoyin haske, guda biyu, foton ɗin kuma su tayar da irin damin da ilektiron ke tayarwa: gajere, matsattse, kuma kusan duk makamashinsa yana komawa sigina. Makamashin da ya faɗa wannan gida ba ya dawowa. Ɗaya gidan shi ne na cibiyoyi: fiyon masu caji, furoton da aka fizgo, nitiron masu yawo, gutsattsarin cibiya. A nan ne ake asara. Fizgo furoton ko nitiron ɗaya daga cibiya yana cin kusan MeV 8, kuma wannan makamashi ba ya ba da haske, ba ya ba da caji. Idan aka haɗa da nitirino da miyon, barbashin da ke ratsa ƙarfe su sulale su fice, abin da ke ɓacewa a wannan gida yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari a ƙarafa masu nauyi.

Ana rubuta amsar na'ura ga gida na farko da e, ga na biyu da h. A yawancin kalorimita e ya fi h. Da rabon gidajen biyu tsayayye ne, da sai a ninka da lamba ɗaya a huta. To ba tsayayye ba ne. Fiyon biyu masu makamashi ɗaya, wannan ya zuba kashi 20 a gidan foton, wancan ya zuba kashi 80, gwargwadon yadda karon farko ya faɗi.

Zurfi tukuna

Kafin a yi maganar haske ko waya, sai an san kaurin da zai riƙe damin. Ma'aunin shi ne matsakaicin nisan da hadiron ke yi kafin ya daki cibiya, ana rubuta shi λ. A baƙin ƙarfe santimita 16.8 ne, a jan ƙarfe 15.3, a dalma 17.6, a tungistan 9.9. Dubi dalma da kyau. Wajen tare ilektiron da foton ta fi ƙarfe nesa ba kusa ba, domin ma'aunin damin ilektiron a cikinta santimita 0.56 ne, a ƙarfe kuwa 1.76. Amma wajen hadiron ba ta fi ƙarfe da komai ba, ga nauyi ga laushi. Shi ya sa manyan gwaje-gwaje suka fi komawa ga ƙarfe da tagulla.

Akwai lissafin ƙiyasi da ake fara aiki da shi. Inda dami ya fi cika yana wajen 0.2 ln E + 0.7 a ma'aunin λ, E kuma a GeV. Domin a riƙe kashi 95 sai a ƙara 2.5 sau E^0.13. Ga GeV 100, na farko ya ba da 1.6, na biyu 4.6, jimla kusan λ 6.2, wato ƙarfe mita ɗaya da ɗan ɗori. A faɗi kuma, da'ira mai nisan λ ɗaya daga tsakiya tana riƙe kusan kashi 95.

Kada a tsaya a kan 6.2 ɗin. Matsakaici ne, kuma inda dami ke farawa ba a hannun kowa yake ba. Fiyon ma ya fi furoton nisan tafiya kafin karo, wajen santimita 20 a ƙarfe. Wanda ya makara bai yi karon farko ba sai a λ na uku, wutsiyar daminsa ta bayan na'ura za ta fita. Don haka ake neman λ 9 zuwa 10 idan an haɗa da kalorimitar ilektiron da ke gaba. Kalorimitar ATLAS, wani babban gwajin na CERN, mai fale-falen roba, tana da λ 7.4 ita kaɗai a tsakiya. Ta CMS, da yake an cusa ta cikin maganaɗisu mai tesla 3.8, wuri ya yi mata kaɗan, λ 5.8 kawai ta samu a tsakiya, sai da aka ƙara wasu fale-falen a wajen maganaɗisun domin su kama abin da ya tsallake.

Shimfiɗa ƙarfe da roba

Mai sayen wake a kasuwar Maradi ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Ɗan ƙarfe yake soka wa buhun nan da can, ya duba abin da ya zubo a tafinsa, ya yanke hukunci a kan buhun duka. Kalorimitar hadiron haka take aiki: faranti na ƙarfe mai kauri da ba ya gani, sai siririyar roba mai walƙiya da ke gani, sai ƙarfe, sai roba.

A ATLAS kowane zagaye yana da ƙarfe milimita 14 da roba milimita 3. Yi lissafin da kanka. Miyon mai wucewa yana barin kusan MeV 11.4 a kowane santimita na ƙarfe, da kusan MeV 2 a santimita na roba. Ƙarfen ya ci MeV 16, robar ta ci 0.6. Abin da ake gani bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, sauran duk daga wannan ɗan samfuri ake ƙiyasta shi. Ƙara kaurin faranti, kuɗi ya ragu, amma samfurin ya ƙara zama na sa'a, kuma wannan lalacewa tana tafiya da tushen murabba'in kaurin.

Robar tana ba da haske shuɗi. Ana naɗe kowane fale da farar takarda mai mayar da haske, a jingina masa zare na musamman a gefe, wanda ke shanye shuɗin ya fitar da kore, koren ya bi cikin zaren har bututun ninka haske. A ATLAS zare biyu ne, ɗaya a kowane gefe, kowanne da bututunsa. Amfanin biyu ne: idan bututu ɗaya ya mutu ɗakin, wato rukunin fale-falen da ake karantawa tare, bai makance ba, kuma jimlar gefe biyu tana rage bambancin da ke tsakanin barbashin da ya bi kusa da zare da wanda ya bi ta tsakiya. Ana ɗaure zaruruwa a haɗa su ɗaki-ɗaki, ɗakuna sama da 5,000, bututu kusan 10,000, a jere hawa uku daga ciki zuwa waje. Hasken da ake samu wajen fotoilektiron 70 ne a kowane GeV, wato ilektiron ɗin da hasken ke fizgowa a bututun. Rashin tabbas da wannan ƙirga ke kawowa a GeV ɗaya, wato ɗaya bisa tushen 70, kusan kashi 12 ne, ƙasa sosai da sauran matsalolin, don haka neman ƙarin haske a nan ɓata kuɗi ne.

CMS tagulla ta zaɓa, faranti masu kaurin santimita 5 da ɗoriya, roba milimita 3.7, domin tagulla ba ta jin maganaɗisu. Wani ɓangare nata daga tsofaffin kwanson harsasan sojan ruwan Rasha aka narko shi. Can kusa da bututun karo, inda hasken nukiliya zai ƙone roba cikin ɗan lokaci, ba a sa roba: ATLAS ta yi amfani da ruwan argon tsakanin jan ƙarfe da tungistan, CMS kuma zaren kwatsi a cikin ƙarfe.

Daga caji zuwa GeV

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana ɗaukar wasu sassan na'urar a kai su layin gwaji na SPS a CERN, a harba musu ilektiron da aka san makamashinsa, a auna cajin da ya fito. Kalorimitar fale-fale ta ATLAS ta ba da pikokulom 1.05 a kowane GeV. Wannan shi ne ma'aunin ilektiron, kuma shi ne tushe. Me ya sa ilektiron, alhali hadiron za a auna? Domin amsar na'ura ga ilektiron miƙaƙƙiya ce, ninki biyu na makamashi ninki biyu na sigina, ga hadiron kuwa ba haka ba ne.

Sauran aikin shi ne a kai wannan ma'auni ga ɗakunan da ba su taɓa ganin layin gwaji ba, a kuma riƙe shi shekara da shekaru. Hanya uku ake bi, kuma da gangan aka yi su uku. Akwai ɗan ƙwanso mai sinadarin siziyom-137, mai fitar da gamma na keV 662, da ake turawa da ruwa ta cikin bututun da ya ratsa kowane fale: wannan yana gwada komai tun daga roba har bututun haske. Akwai hasken leza da ake aikawa kai tsaye ga bututun, ya tsallake roba da zare. Akwai kuma sanannen caji da ake zubawa a bakin na'urar lantarki, ya tsallake bututun ma. Idan siziyom ya nuna sigina ta ragu amma leza bai ga komai ba, roba ce ko zare ya tsufa. Idan dukansu biyu sun ga raguwar daidai wa daida, bututu ne. Idan cajin ma ya gani, a bar zargin haske a duba lantarki. Mai ma'auni ɗaya zai san wani abu ya motsa, ba zai san mene ne ba.

Yanzu sai fiyon. Matsakaicin kason gidan cibiyoyi yana raguwa da makamashi kamar E^(−0.18), E a GeV, a ƙiyasin da aka saba. A GeV 10 kason 0.66 ne, a GeV 100 ya koma 0.44. Ɗauki na'ura mai e/h 1.35, kusa da abin da ƙarfe da roba ke bayarwa. h/e ya zama 0.74, gibin 0.26. Amsar fiyon a ma'aunin ilektiron ita ce ɗaya a debe gibin sau kason: 0.83 a GeV 10, 0.89 a GeV 100, 0.91 a GeV 300. Wato fiyon mai GeV 100 zai fito kamar 89. Kuskuren da sabon hannu ke yi shi ne ya auna gyaran a makamashi ɗaya ya shafa wa kowa. Wanda ya saita da GeV 100 zai rage wa mai GeV 10 kusan kashi 7. A jet abin ya fi muni, domin jet mai GeV 100 ba fiyon ɗaya ba ne, taron ƙanana ne, kowanne da tasa amsar mai rauni, ga foton a cakuɗe.

Furoton ma ba ya ba da amsar fiyon. Karonsa na farko bai cika zuba makamashi mai yawa a fiyon mara caji ba, don haka siginarsa takan ɗan yi ƙasa. Layin gwajin fiyon mai caji na ƙari (+) kuwa cakuɗe yake da furoton, sai an ware su da na'urar Cerenkof, mai gane barbashi da hasken da gudunsa ke tayarwa.

Bayan an dasa na'urar a ramin gwaji, karon kansa ne ke zama ma'auni. A nemi hadiron mai caji da ya fita shi kaɗai, a gwada abin da kalorimita ta ce da abin da lanƙwasar sawunsa a maganaɗisu ta ce. A nemi karon da foton ɗaya ko barbashin Z ya fita ta nan, jet ya fita ta can: tunda an san na foton da kyau, dole jet ya daidaita shi a gicciye.

Rufe gibin e da h

Ana iya gina na'urar da e/h ɗinta ɗaya ne. Gwajin ZEUS ya yi, a injin HERA da ke Hambug, wanda ya yi aiki daga 1992 zuwa 2007: yuraniyom da aka rage wa ƙarfi milimita 3.3, roba milimita 2.6. Kaifinta ga hadiron, wato yadda amsoshinta ke bazuwa (ƙarami ya fi kyau), ya kai kashi 35 bisa tushen E. Ɗan Nijar da ya san abin da ake haƙowa a Arlit zai yi saurin cewa fashewar cibiyar yuraniyom ce ta biya asarar. Da farko masana ma haka suka zata. Daga baya aka gane babban mai aikin haidirojin ne da ke cikin robar. Nitiron da ya daki cibiyar ƙarfe mai nauyi kusan ba ya rasa komai, amma idan ya daki furoton na haidirojin, wanda nauyinsu ɗaya, yakan miƙa masa rabin makamashinsa a matsakaici, furoton ɗin kuma ya haska. Ƙarfe mai nauyi a nasa ɓangaren yana shanye ƙananan foton kafin su kai roba, sai e ya sauko. Shaidar ita ce dalma ma tana yi, idan kaurinta ya ninka na roba sau huɗu. Farashin shi ne samfuri ƙarami da jiran nitiron masu nawa.

Yau an fi bin wasu hanyoyi. Ɗaya ita ce ta kwamfuta: damin foton matsattse ne, don haka ɗakin da makamashi ya cunkushe a ba shi nauyi kaɗan, wanda ya bazu a ba shi da yawa. Ta biyu ita ce a rage dogaro da kalorimitar gaba ɗaya. A jet, wajen kashi 60 zuwa 65 na makamashi hadiron masu caji ne, kashi 25 foton, kusan kashi 10 kawai hadiron marasa caji. Masu caji a auna su da sawu, foton da kalorimitar ilektiron, a bar wa ta hadiron kashi goman. Wuyar ita ce raba damin da suka hau juna, shi ya sa ƙungiyar CALICE ta yi ta gwada fale masu santimita 3 a 3. Ta uku, zare iri biyu a na'ura ɗaya, mai walƙiya da mai hasken Cerenkof. Na biyun kusan ilektiron kaɗai yake gani, don haka bambancinsu yana faɗin kason foton na kowane dami shi kaɗai.

Karanta kaifin awo

A harba fiyon dubbai masu makamashi ɗaya, a zana yadda amsoshin suka bazu, a raba faɗin σ da matsakaici. Ana rubuta sakamakon kashi uku: a bisa tushen E, b bisa E na hayaniyar lantarki, da c wanda ba ya motsi. Ba a tara su kai tsaye, murabba'insu ake tarawa a ɗauki tushe. Burin ATLAS ga jet shi ne a kashi 50, c kashi 3. A GeV 25 wannan ya ba da 10.4, a GeV 100 ya ba da 5.8, a GeV 1,000 ya ba da 3.4. A can sama c ne sarki, kuma c shi ne inda rashin daidaiton ɗakuna, ɗigar baya, da gibin e/h suke taruwa.

Dubi siffar zanen kafin ka ɗora masa lanƙwasar Gaus, mai siffar ƙararrawa. Ruwa ba ya tsami banza. Wutsiya ta hagu tana nufin makamashi yana ɗiga, ta baya ko ta tsagar da wayoyi suka bi. A tace damin da suka fara a hawan farko kawai, idan wutsiyar ta ɓace an kama ɓarawon. Wutsiya ta dama alamar e/h sama da ɗaya ce. Ɗan tudu can ƙasa kusa da sifili kuwa miyon ne da suka biyo layin gwaji. A raba da matsakaicin da aka auna, ba da makamashin da aka harba ba, in ba haka ba na'ura mai rage awo za ta fito kamar mai kaifi.

A LHC karo yana zuwa kowane nanosakan 25, sigina kuwa ta fi haka tsawo, don haka na baya yana hawa kan na gaba. ATLAS tana ɗaukar samfuri bakwai na kowace sigina ta fitar da tsayi da lokaci. Wajen haɗa ɗakuna kuma, ana farawa da wanda ya ninka hayaniyarsa sau 4, a jawo maƙwabtan da suka ninka sau 2, a rufe da zagaye ɗaya na kewaye. Matsa wannan iyaka sama, ka yar da gefen dami, wanda galibinsa na gidan h ne, gibin ya ƙara faɗi.

Abin da za a iya yi daga Maradi

Geant4, manhajar kwaikwayon tafiyar barbashi cikin abu, kyauta ce, kuma kwamfutar hannu ta isa. Gina hawa 100 na ƙarfe milimita 14 da roba milimita 3, faɗin mita ɗaya a ɗaya, ƙarfen ya kai λ 8.3. Zaɓi jerin lissafin fizik mai suna FTFP_BERT a cikin manhajar. Harba ilektiron da fiyon a GeV 10, 20, 50 da 100, dubu biyar kowanne, ka tara makamashin roba kaɗai, ka fitar da amsar fiyon bisa ta ilektiron. Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Roba ba ta ba da haske daidai da makamashi idan furoton mai nawa ya zube shi wuri ɗaya, sai an sa gyaran Birks, wajen milimita 0.126 bisa MeV ga irin wannan roba. Wanda ya manta zai ga h ya kumbura. Sannan a yanke lokaci, misali nanosakan 100 zuwa 150, domin na'urar gaske ba ta jiran nitiron da aka kama bayan maikirosakan. Daga nan rage hawan zuwa 60 ka ga wutsiyar hagu ta tsiro.

Mai son taɓa abu da hannu, miyon na sama suna sauka kyauta, kusan ɗaya a kowane murabba'in santimita a minti guda. Fale biyu masu santimita 10 a 10, kaurin santimita ɗaya, kowanne da ɗan silikon mai ninka haske, ɗaya a kan ɗaya, a ƙirga kawai lokacin da suka haska tare. Hakan yana kawar da gamma na ƙasa da bango. Tudun da zai fito, kusan MeV 2, shi ne ma'aunin da kalorimita masu ƙananan fale ke daidaita ɗakunansu da shi. Abokin gabar a nan zafi ne. Ƙarfin lantarkin da silikon ke fara aiki a kansa yana hawa da milivolt gommai a kowane digiri, wasu nau'o'in sama da 50. A watan Afrilu, tsakanin asuba da azahar ɗaki yana iya canzawa da digiri goma, wato rabin volt a kan silikon da aka ɗora wa ƙarin volt uku kacal, sai tudun ya zame da kashi goma sha wani abu ba tare da miyon ya canza ba. A manna ma'aunin zafi a jikin silikon ɗin, a rubuta shi tare da kowace ƙirga, a gyara volt ɗin da shi. A ciyar da na'urar daga batir saboda ɗaukewar wuta, a kuma haɗa fuskar roba da silikon a rufaffen ɗaki, domin ƙurar hunturu da ta shiga tsakaninsu ba ta fita sai an kwance an sake gogewa.